Sau Bakwai, Ɗaya da Ƙasa

Shekara goma sha huɗu na yi ina sayar da tuwo a bakin titin Malbaza, inda manyan motocin siminti suke tsayawa jiran lodi. Direba ba ya ɓoye ciwon ciki. In abincinki ya ɓata masa hanya, da ya dawo zai tsaya a gaban rumfarki ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Ni ba a taɓa yi min haka ba ko sau ɗaya. Tukwanena da toka da yashi nake dirje su, in bi da sabulu, in kife su a kan gadon kara rana ta gasa su. Na fara da wannan ne don a san wace ce aka je aka kira ƙazama a ƙasar mutane. Sunana Dije, kuma har yau ban manta ba.

Yadda ciniki ya mutu, da yadda na kai 'ya'yana biyu Illela wajen yayata, ba zan tsaya a kansu ba. Kowa a yankinmu yana da irin wannan labarin a gidansu. Ni dai na ɗaure kayana na bi hanyar arewa, da niyyar in yi aikin da na iya, wato girki.

Bayan Arlit, direban da ya ɗauke mu ya rantse da Allah har cikin Tamanrasset zai sauke mu. Kwana biyu muna cushe a bayan mota kamar buhunan albasa. Da hantsin rana ta uku ya tsaya, ya nuna mana wani baƙin dutse, ya ce gari yana bayansa, ba nisa. Muka sauka, ya juya motarsa ya yi gaba. Mun wuce dutsen nan, mun wuce wani, mun wuce na uku, babu gari babu alamarsa. Ruwan da ya rage mana bido ɗaya ne, wato jarka, mai warin mai, da gwangwanin tumatir guda da muke sha da shi. Mun haura mutum ashirin, da mai tari da mai fasasshen leɓe, kowa ya sha ya miƙa wa na kusa, ba wanda ya tsaya goge bakin gwangwanin. Wajen la'asar muka faɗa kan wata bukkar Buzaye. Matar gidan ba ta jin Hausa sosai. Ta dubi ƙafafuna da suka kumbura, ta zaunar da ni, ta ba ni nonon raƙumi a akushin da ita kanta take sha. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

A Tamanrasset na sauka a wani kango da matan ƙasarmu suka cika. Yawancinsu bara suke fita. Ban zarge su ba, don na ga abin da ya fito da su, amma ni hannuna ya ƙi miƙuwa. Na samu wanki da shara a wani gida. Ranar farko uwargidan ta ɗauko kofi ta ɗaura masa jan zare a mariƙi, ta nuna min ƙusa a bayan ƙofa inda zan riƙa rataye shi. Ni da wauta na ɗauka karamci ne, har da godiyata. Sai da ƙaramar 'yarta ta kai hannu za ta sha da shi, uwar ta buge hannun kamar yarinyar ta taɓa garwashi, sannan na gane. Wata uku na yi ina shan ruwa da kofin nan, ina wanke kayan cikin mutanen da suke ƙyamar bakina.

Zulai ce ta fitar da ni. 'Yar Tsarnawa ce, tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, kuma ta riga ni shiga ƙasar da shekara uku. Tana aikin gida a Oran, can bakin teku. Ta kira ni ta ce ta samo min wuri, in taho. A bas ɗin da na shiga daga Gardaya, matar da kujerarta ke kusa da tawa ta ja mayafi ta toshe hanci tun kafin in zauna, ta yi tafiyar yini guda a haka. Na yi wanka da safen ranar, ita kuwa tafarnuwa take tashi. Wani tsoho a kujerar baya ya miƙo min dabino cikin tafin hannunsa. Na karɓa na ci.

Zulai ta tare ni a tasha, ta ja ni ta lungu-lungu har ɗakinta. Kafin in sha ruwa ta fara.

“Dije, ki buɗe kunnuwanki ki jiya. Garin ga ba Malbaza ba ne. Baƙin mutum da ba shi da takarda, in anka gane shi bisa titi, mota za a jefa shi sai bakin iyaka. Wadda duk ta samu gida mai ɗakin kwana, ta tsira. Gidan ga da zan kai ki, ki riƙe shi da hannu biyu. Abin da kinka gani, ba ki gani ba. Na san bakinki.”

Na ce mata bakina ya mutu tun a sahara. Ta yi dariya ta ce za mu gani.

Gidan yana hawa na huɗu. Mutum uku na tarar. Akwai maigidan, mai kantin magani ne, yana fita da safe ya dawo cin abincin rana. Akwai matarsa, wadda ta ce in riƙa ce mata Madam. Sai mahaifiyar maigidan, Hajja, tsohuwa da idanunta suka kusa rufewa, ɗakinta yana can ƙarshen gida. 'Yarsu ɗaya tana karatu a Faransa. Aka ba ni ɗan ɗaki a bayan kicin, da katifa da ƙofa mai sakata. Tun da na bar gida ban kwanta a bayan ƙofar da ake rufewa ba, don haka na ce wa kaina ko wuta ake hurawa a gidan nan zan zauna.

Madam ta yi zaman Faransa, da Faransanci muke magana, nawa na lakwal mai ɗingishi. Ta kai ni kicin ta nuna min wurin wanke-wanke. Kwano ne na ƙarfe aka dasa cikin kantar kicin, famfo a sama, rami a ƙasa inda ruwa yake zurarewa. Lebiye suke ce masa. Ta miƙo min safar hannu ta roba, ta ce kada in taɓa komai a kicin sai da ita. Na ce mata ni girki ne sana'ata, na ciyar da mutane shekara da shekaru. Ta kama bakin hannun rigata ta ɗaga hannuna, ta dubi bayansa, ta dubi tafin, ta ce tukuna. Tukunan nan bai taɓa zuwa ba. Aikina wanke-wanke da shara da kula da Hajja. Ko albasa ba a yarda in yanka ba.

Ban taɓa ganin mace mai ƙyanƙyami irin Madam ba, kuma ban taɓa ganin ƙazanta irin ta kicin ɗinta ba. Kaza a leda take sayo ta, ba kai ba ƙafa, ta soke ta da cokali mai yatsu tana kau da fuska, ta jefa a tukunya ko ɗauraya babu. Da na ce ta bari in wanke mata, ta ce wanke kaza yana fantsama cuta a kicin. To, na ji, ƙila likitocinsu sun san abin da ban sani ba. Amma matar nan ita ce za ta sa in goge daɓen makewayi, ta ce in juye ruwan tsumman a lebiye, in an jima ta toshe ramin ta tara ruwa ta jiƙa salad a ciki. Sai ta ɗiga jabel kaɗan, wato ruwan bilicinsu, ta ce ya kashe komai. A gidanmu bokitin bayi ko hanyar madafa ba ya bi, yaron da ya yi gangancin kawo shi sai ya sha duka. Ga wani koren soso guda ɗaya da bai taɓa ganin rana ba, kullum a jiƙe, in kin matse shi wari kamar kwata. Da shi ake goge kanta, da shi ake wanke kofin shayi. Ga ta da miƙa wa mijinta burodi da hannun hagu. Duk wannan ba ya damunta. Abin da yake tayar mata da zuciya shi ne ta ga yatsana tsirara a bakin faranti.

Na haɗiye. In ta shiga ɗaki sai in shanya soson a baranda, ruwan tsumma kuwa in juye shi a masai inda ya dace da shi. Kewar gida ta dame ni a watannin nan. Nakan tsaya ina wanke farantin taliya, zuciyata tana wajen tuwon gero da miyar kuka da muryar direbobi suna cewa Dije ƙara min miya.

Hajja ce sanyin gidan. Ni nake kai mata abinci, ni nake kama ta in kai ta alwala. Ba ta jin Faransanci, ni ba na jin Larabcinsu sai 'yan kalmomin da makarantar allo ta bar min. Da bismillahi da alhamdulillahi da nuni muka yi wata biyar muna hira, kuma muna gane juna. Ranar farko ta lalubo hannuna ta ji roba, ta ja safar ta tuɓe ta yar a ƙasa, ta riƙe hannun tana murzawa. In sanyi ya hana ta taɓa ruwa, tana da wani dutse sumul a ƙarƙashin matashinta, da shi take taimama. Madam ta tsani dutsen nan, ta ce ba a kwana da dattin titi a gado.

Da zafi ya shigo, 'yarsu Nadiya ta zo hutu, ta zo da kare. Ɗan ƙarami ne fari mai yawan gashi, bai fi zakara girma ba, kuma ba ya yawan haushi. Madam ta ja ni gefe ta ce kada Hajja ta ji. Gidan na Hajja ne, mijinta ya bar mata, kuma ta sha faɗa kare ba zai shiga inda take salla ba. Maigidan an ce masa a barandar kicin kawai karen zai zauna har hutu ya ƙare, ya yarda yana gunaguni. Na ce to, ba ruwana.

Rana ta uku da hantsi na shiga kicin na tarar da karen tsaye cikin lebiye, kumfa har wuyansa. Nadiya ta ɗaga masa wutsiya tana cuɗa masa gindi da koren soson nan. Madam tana tsaye da waya tana ɗaukar su hoto, tana dariya. Matar da ba ta iya kallon hantar kaza ke nan. Da aka gama abincin rana maigidan ya fita, Nadiya ta ajiye farantinta a ƙasa, karen ya lashe shi tas, ta ɗauka ta ɗora kan sauran ta turo min. Farantan gidan farare ne goma sha biyu, duk iri ɗaya, ba mai gane wannan daga wancan. A cikinsu nake zuba wa Hajja abinci.

Tun muna yara malaminmu na makarantar allo ya koya mana cewa abin da kare ya lasa ana wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ni ba malama ba ce, kuma na ji masu ilimi suna da maganganu a kai, amma abin da aka ba ni ke nan, kuma na san tsohuwar nan da ta sani ko mutuwa za ta yi ba za ta ci a farantin ba. Ba dama in gaya mata. Ba dama in yi wa Madam magana. Abin da ya rage shi ne in wanke, kuma wanki dai aikina ne.

Sai dai ina ƙasa a hawa na huɗu? Garin kaf daɓe ne da kwalta, kuma ba ni da halin sauka titi. Ƙasa ɗaya da ke gidan ita ce ta tukwanen furen Madam da ke baranda. Kullum bayan azahar, in Madam ta kishingiɗa, Nadiya ta tafi bakin ruwa, sai in tuɓe safar in ɗebo cikin hannu. In dirje kowane faranti da kowane cokali da lebiyen kansa, in bi da ruwa shida ina ƙirgawa, in sa sabulu, daga ƙarshe in ɗiga mata jabel ɗinta don hancinta ya samu abin da yake so. Na sayi sabon soso ta hannun Zulai na ɓoye a ɗakina. Mako uku ina haka, kuma farantan gidan ba su taɓa haske irin na lokacin ba.

Ga inda na yi kuskure, kuma ba zan ɓoye ba. A gida in kin gama wanke-wanke, watsa ruwan kike a tsakar gida ƙasa ta shanye. Ban taɓa tunanin ramin nan yana da maƙogwaro siriri ba. Na ɗauka abin da duk ya shiga ya tafi ke nan.

Wata safiya ruwa ya ƙi wucewa, ya taso baƙi ƙirin. Aka kira mai gyaran famfo. Ya kwanta a ƙarƙashin kanta ya kwance bututun, ya girgiza shi cikin bokiti, sai ga laka tana zubowa har da saiwoyi. Ya yi dariya ya ce wa yake noma a lebiye. Madam ta leƙa baranda ta ga tukwanen furenta duk sun rame sun koma rabi. Ta juyo ta dube ni. Sai ta toshe baki ta ruga makewayi.

Da ta dawo fuskarta ta yi fari. “Mako nawa muna cin ƙasa?” ta ce. Sannan ta faɗi kalmar. Na san ta tun lakwal, ita ce malam yake faɗa in ya duba farcen yaro ya ga baƙi. Ƙazama. Ta faɗa sau uku, a gaban mai gyaran famfo, shi kuma ya tattara kayansa ya fita yana girgiza kai.

Na so in yi mata bayani, harshe ya yashe ni. Faransancina yana da kalmar tsabta, amma ba shi da ta tsarki. Ita tsabta take nufi, ni kuwa na riga na gama da tsabta na wuce gaba. Na yi ta lalube na rasa, sai na ce mata saboda karen ne. Nan take ta je ta rufe ƙofar kicin.

Ashe mai gyaran ya haɗu da maigidan a ƙasa ya ba shi labari. Maigidan kuma al'adarsa duk maganar da ta shafi gida a gaban mahaifiyarsa ake yin ta, ya aiko cewa bayan abincin rana yana son ji daga bakina. Madam ta sassauta murya.

“Ki saurare ni. Za ki ce a ƙauyenku da ƙasa kuke wanke kwano, ba ku san sabulu ba, kuma ba ki san ba a yin haka a nan ba. Ki ba da haƙuri. Ni zan ce a yafe miki, ki ci gaba da zamanki. In kika ambaci kare, yau za ki bar gidan nan. Kin san abin da ke jiran irinku a titi.”

Na shiga ɗakina na kira Zulai. Ban gama ba ta katse ni.

“To ki ce musu hakanan mana. Mi za ya rage ki da shi? Wa ya san Malbaza a nan? Ki ce ƙasa muke ci, ki ce laka muke sha, ke dai ki kwana cikin ɗaki. Ɗiyanki na can Illela suna jiran ki, Dije. Kada ki yi muna hauka hwa.”

Gaskiya ta faɗa, kuma na yarda da ita. Na zauna bakin katifa ina maimaita maganar Madam da Faransanci har ta zauna a bakina. Allah ya sani da niyyar in faɗe ta na shiga falo.

Suna zaune a tebur, an fito da Hajja an zaunar da ita kusa da ɗanta. Maigidan ya tambaye ni a hankali, ba faɗa, me ya sa na zuba ƙasa a wurin wanke abincinsu. Na sunkuyar da kai na ce, “A garinmu…” Sai na ji Nadiya ta karkata wajen uwarta ta yi magana da sauri, tana zaton ba zan kama ba. Cewa ta yi, ai ta faɗa mata, su can haka suke, cikin datti ake haihuwar su. Na ɗaga ido na dube ta. Farin gashin karen nan duk ya manne a gaban rigarta, kuma da hannun da ta gama shafa shi take gutsuttsura burodi.

Maganar da na haddace ta gudu. Na tuna uwata, wadda ba ta taɓa bari a kwana da kwano ba wanki ba, mace mai tafiya rijiya sau biyu don kada ruwan sha ya haɗu da na wanka. Ita ce aka haifa cikin datti?

Na ce, “A garinmu da toka da yashi muke dirje tukunya, gaskiya ne, sannan mu sa sabulu mu shanya a rana. Amma ba don haka na ɗebi ƙasar furen Madam ba. A garinmu ba a cuɗa gindin kare a inda ake jiƙa salad. Ba a ba kare faranti ya lasa a ɗauka a zuba wa tsohuwa abinci a ciki. Ba a juye ruwan makewayi a wurin wanke kofi. Wata biyar kun sa min roba a hannu kamar mai kuturta, ni kuwa ina bin bayanku ina gyara ƙazantarku.”

Madam ta miƙe tana cewa in fita. Hajja tana ta juya kai tana tambayar me ake cewa, ba wanda ya fassara mata. Sai na zagaya na durƙusa a gabanta, na kama hannunta na ɗora a kan farantin da ta ci. Na tattaro abin da makarantar allo ta bar min. Na ce, “Hajja, kalbu,” wato kare. Na murza yatsanta a cikin farantin. Na ce, “Sab'a. Turabu.” Wato bakwai, da ƙasa. A nan kalmar da na yini ina nema ta faɗo bakina, ta tsarki, wadda malaminmu yake fara karatu da ita. Na ce, “Ɗahara, Hajja. Ɗahara.”

Tsohuwar ta janye hannunta daga farantin a hankali, ta ture shi gefe. Ta maimaita kalmar yadda su suke faɗar ta, ta juya wajen ɗanta ta yi masa tambaya ɗaya da Larabci. Shi kuma ya dubi matarsa. Matar ta dubi bango.

Kafin la'asar an kai karen gidan wata ƙawar Nadiya. Na ɗauka shi ke nan, gaskiya ta fito. Sai maigidan ya kira ni, ya tsaya a bakin kicin bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce ban yi laifi ba, ya ma gode, amma matarsa ba za ta iya zama da ni ba, shi kuma yana son zaman lafiya a gidansa. Na ji Hajja daga ɗakinta tana buga tafin hannu a kan gado tana kiran sunansa. Gidan nata ne, amma makauniyar tsohuwa a takarda kawai take da gida. Wannan godiyar tasa ta fi zagin matarsa ƙona min rai.

Da safe na shiga yi mata sallama. Ta kama ni ta zaunar. Ta taɓa bakinta, ta ɗaga yatsu tana ƙirgawa, ta girgiza hannu alamar tambaya. Na gane. Kwana nawa ta yi tana ci a farantan? Na naɗe yatsunta duka cikin hannuna na ce mata ko ɗaya. Kwana biyun farko kafin in gani ban san abin da aka yi ba, amma ban faɗa mata wannan ba. Ta juya hannuna ta sumbaci tafin, ta daɗe ba ta saki ba.

Zulai ta ɓoye ni kwana biyu tana fushi da ni. Fiye da haka ita ma sai ta rasa wurinta. Na koma wani kango a bayan gari. Rana ta shida na fito neman aiki, ina tsaye a inda ake jiran bas, motar 'yan sanda ta tsaya aka ce in shiga. Ba a tambaye ni ko sunana ba. Hanyar da na yi wata da watanni ina haurawa, cikin 'yan kwanaki aka gangaro da mu ita. Aka zube mu a fili aka nuna mana kudu da hannu, muka taka har Assamaka, bakin iyakar ƙasarmu. Wata yarinya mai ciki ta faɗi sau biyu a hanya, ni da wata 'yar Madawa muka riƙe ta har muka isa.

Na iso Illela da zanen da ke jikina. Yayata ta ji labarin har ƙarshe, ta ce, “Kan faranti, Dije? Kan faranti kinka baro ɗaki?” Na ce mata ba kan faranti ba ne. Ta ce to kan mi? Na ce mata ita ma da tana wurin na san abin da za ta yi, da ita aka haife mu ɗaki ɗaya.

Na koma Malbaza na sake kafa murhu. Ciniki yana nan yadda na bar shi, yau a samu gobe a rasa. Bayan wata huɗu Zulai ta kira ni. Ta huce, har tana tsokanata da bakin da ya mutu a sahara. Ta ce Madam ta ɗauki wata yarinya, ta ba ta safar roba. Na tambaye ta Hajja. Ta ce yarinyar ta ba ta labari. Tun ranar da na tafi tsohuwar ba ta ƙara cin abin da ya fito daga kicin ɗin nan ba. An sayi sababbin farantai, ɗanta ya rantse mata, ta ce ba ta gani balle ta sani, kuma wadda take gani dominta an kore ta. Burodi take ci daga cikin takardarsa, da dabino, da ruwan kwalba da take ajiyewa a gefen gado. Ta rame har zobenta ya faɗi. In an buɗe ƙofar ɗakinta sai ta miƙo hannu ta lalubi na mai shigowa, in ta ji roba ta saki.

Zulai ta ce, “Yanzu da kin san hakanan za ta zama, da kin yi kurum?”

Na ce mata a'a, da na sake faɗa, har da ƙari. Gaskiyata ke nan kuma har yanzu ina kanta, ban yafe wa Madam ba, ban yafe wa mijinta ba. Amma tun ranar, duk lokacin da na kwashe tuwo mai zafi na zuba masa miya na miƙa wa direba, sai in ga tsohuwar nan zaune a bakin gado tana lalubar busasshen burodi cikin takarda, kuma na san ni na sa mata shi a hannu.